Neman shawara: ƙungiyar samari ta jami'armu a Amurka tana zawarcina, in shiga ko in haƙura?

Sabon Ɗalibi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata 19, wannan ne zangona na farko a wata jami'ar gwamnati a jihar Ohio, ina karatun injiniyanci da bizar F-1. Mako mai zuwa ƙungiyoyin nan na samari masu sunayen haruffan Girka, waɗanda ake ce wa fraternity, za su fara ɗiban sababbi. Abokin ɗakina ya sa ni na yi rajista, har gidaje biyu sun turo mini gayyatar cin abinci. Suna cewa akwai abokai, akwai masauki, kuma tsofaffin mambobi kan sama wa mutum aiki. Ni ba na shan giya, kuɗin da ake turo mini kuma a ƙidaye yake. Mahaifina ya ce in bincika da kyau, yana tsoron ko ƙungiyar asiri ce. Yaya abin yake? Nawa ake kashewa? Zai iya taɓa bizata?

Kawu Injiniya

Wa alaikumussalam ɗana. Tsoron mahaifinka da dalili. A Najeriya abin ya faro da Pyrates a Ibadan a 1952, Wole Soyinka da abokansa shida, ba don zubar da jini ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka shigo da gatari da bindiga, har aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ife a watan Yulin 1999. Na Amurka tsarinsu daban. Jami'a ta san da su, akwai ofishin da ke sa musu ido, gidansu a bakin titi yake da haruffa manya a goshinsa, uwar ƙungiya tana da hedikwata da inshora. Sirrinsu bai wuce bikin rantsarwa da salon musabaha da wasu kalmomi ba. Inda haɗarin yake shi ne giya da wulaƙanta sababbi.

Ga yadda ɗiban ke tafiya. Rajistar da ka yi da IFC, majalisar da ta haɗa ƙungiyoyin, ba ta ɗaure ka da komai. Za su duba makinka, yawanci GPA 2.5 zuwa sama, ɗan zangon farko kuma sakamakon sakandare ake dubawa. Kwanakin farko ƙofa a buɗe take, ka zagaya gidaje, a gasa nama, a buga ƙwallo, a yi ta tambayarka daga ina kake. Daga nan sai gayyata ta koma ta zaɓaɓɓu. Mambobi su zauna su kaɗa ƙuri'a a kan kowane suna, wanda ya haye a miƙa masa tayin shiga. Karɓar tayin bai mayar da kai mamba ba. Akwai zaman gwaji, a yawancin wurare mako shida zuwa takwas: haddar tarihin ƙungiya da haruffan Girka 24, taron mako-mako, aikin gayya, sharar gida. Bayan haka ne ake rantsar da kai.

Riƙe wannan da kyau. Kafin rantsarwa kana iya ajiyewa ka tafi abinka. Bayan rantsarwa, ko ka fice, sauran ƙungiyoyi irinta yawanci ba za su karɓe ka ba. Shawarata ka je ka ci abincin, ka buɗe ido, amma kada ka karɓi tayi a wannan zangon. Gidaje da yawa suna sake ɗiba a Janairu. Wasu jami'o'in ma da kansu suke hana ɗan zangon farko shiga, don sun san lissafin shekarar farko da zaman gwaji ba sa shan inuwa ɗaya.

Maman Ihsan

Ɗana, ni maganar kuɗi zan yi, don a nan ake rufe wa yara ido. In ka tambaya za a faɗa maka kuɗin zango kaɗai. Ka ce wa ma'ajinsu ya ba ka lissafin shekara guda a rubuce, kowane abu da layinsa: kuɗin sabon shiga, kuɗin rantsarwa da bajo, kuɗin zango na reshe, kason uwar ƙungiya da inshora, kuɗin bukukuwa, riguna, da tara ta rashin zuwa taro. Reshen da ba shi da gida yana iya tsayawa a ɗaruruwan daloli a zango. Mai babban gida da kicin yakan kai dubbai, kuma zangon farko ya fi kowanne tsada.

Sai ka yi tambayoyi uku. Shin dole ne mamba ya zauna a gidan, kuma shekara nawa? Wanda ba ya zaune a ciki, nawa yake biya na amfani da falo da kicin? In mutum ya fice a tsakiyar shekara, wa zai biya sauran hayar? Takardar haya daban take da zama mamba, galibi kamfanin tsofaffin mambobi ne ke riƙe da gidan, kuma in bashi ya taru suna iya miƙa shi ga masu karɓar bashi. Ka tuna jami'o'i da yawa suna tilasta wa ɗan shekarar farko zama a hostel, ka ga masaukin da ake kwaɗaita maka ba na bana ba ne. Wannan kuɗi kuma ba ya cikin lissafin da ke kan I-20 ɗinka, wato takardar da jami'a ta ba ka ka nemi biza da ita, aikin da bizarka ta yarda da shi sa'a 20 ne a mako a cikin harabar makaranta. Ka auna da naira kafin ka ce to.

Ɗan Zinder

Ƙanena, kada ka shiga. Rayuwar yawancin gidajen nan a kan fati da giya da 'yan mata aka gina ta. Ko ba ka sha ba, da kuɗinka za a shirya bikin.

Baban Khalil

Ɗan Zinder ya faɗi gaskiya a kan da yawa daga cikinsu, amma yaro ya nemi bayani, gara a ba shi yadda zai gane da idonsa.

Ba haruffan za ka bincika ba, reshen jami'arku za ka bincika. Ƙungiya ɗaya tana iya zama ta kamilai a wannan jami'a, ta 'yan iska a waccan. Dokar Ohio da ake kira Collin's Law, wadda ta fara aiki a 2021, ta wajabta wa jami'o'in jihar su wallafa rahoton ƙungiyoyin da aka samu da laifin azabtar da sababbi. A Disambar 2024 kuma aka sa hannu a dokar tarayya ta Stop Campus Hazing Act mai irin wannan buƙata. Shiga shafin jami'arku ka nemo rahoton, ka duba sunayen gidajen nan biyu: me suka yi, yaushe, wane hukunci aka yanke. Ofishin da ke kula da su yakan fitar da matsakaicin GPA na kowane reshe duk zango. Duba na sababbin shiga musamman. In makin sababbi ya faɗo ƙasa da na sauran maza a jami'ar, ka san inda darensu ke tafiya.

Wulaƙancin ba ya farawa da duka. Yakan fara kamar bautar da siniya ke sa juniya a makarantar kwana. A ce wayarka ta kasance a kunne kullum, a kira ka ƙarfe biyu na dare ka zo ka kwashe mutane daga mashaya, a jera ku a ɗakin ƙasa ana yi muku tsawa, wanda ya kasa hadda a ba shi hukunci. Wanda ba ya sha shi aka fi mayarwa direban dare. Kowa zai ce maka ai ba dole, amma kana sane da cewa su ne masu ƙuri'a a kanka.

Darare uku ne suka fi cin rai: daren karɓar tayi, daren da ake haɗa sabo da yayansa na ƙungiya, da makon ƙarshe kafin rantsarwa. Timothy Piazza ya rasu a jami'ar Penn State a Fabrairun 2017 bayan daren karɓar tayi. An ɗirka masa giya, ya faɗo daga bene, aka ɗauki kusan sa'a 12 kafin a kira motar asibiti. Kuma a takarda gidan nan na Beta Theta Pi gida ne da aka haramta giya a cikinsa. A nan Ohio, Stone Foltz na jami'ar Bowling Green ya rasu a Maris 2021 yana da shekara 20, bayan an miƙa masa kwalbar giya mai ƙarfi a daren haɗa sabo da yaya, aka so ya shanye. Don haka "mu ba ma yi" daga bakin mai zawarcinka ba shaida ba ce. Nemi wanda ya shiga bara ya fice, ka tambaye shi dalili. Ka kuma ce su ba ka jadawalin zaman gwaji a rubuce tare da ranar rantsarwa. Gidan da ya ce ranar sirri ce, ka yi masa sallama. Akwai ƙungiyoyin da suka soke zaman gwajin gaba ɗaya: Sigma Alpha Epsilon tun 2014 tana rantsarwa cikin sa'a 96 da karɓar tayi. Phi Delta Theta ta hana giya a gidajenta tun 2000, amma duk da haka a reshenta na jami'ar jihar Louisiana (LSU) Max Gruver ya rasu a 2017.

Game da biza, nan ne kai da abokin ɗakinka kuka bambanta. Shekarun shan giya 21 ne. Ɗan ƙasa in an kama shi, tara da gargaɗi. Kai kamu ɗaya na tuƙi cikin maye ya isa a soke bizarka tun kafin a je kotu. Wiwi halal ce a dokar Ohio ga ɗan 21, amma haram ce a dokar tarayya, kuma da ta tarayya hukumar shige da fice ke aiki. Katin shaida na bogi shi ma babbar matsala ce. In jami'a ta dakatar da kai, ko kwasa-kwasanka suka gaza kiredit 12 ba da izini ba, za a rufe rajistarka ta SEVIS, kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje, sai haɗa kaya. Kuma in an binciki gida, duk wanda ke wurin a daren sai ya amsa tambaya, ya sha ko bai sha ba.

Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, ka san wannan. Wanda ya bugu har ba ya farkawa in an girgiza shi, ko numfashinsa bai kai takwas a minti ba, ko jikinsa ya yi sanyi leɓɓansa suka canza launi, ko yana amai bai san inda yake ba, ba barci yake yi ba. Juya shi a kan gefensa, kira lambar gaggawa 911, kada ka bar wurin. Yawancin jami'o'i suna da ƙa'idar yafe wa wanda ya kira taimako.

Malam Na-Liman

Ɗana, ƙari a kan abin da suka faɗa. Za a sa ka rantse a kan kalmomin da ba ka gani ba sai a daren. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan tushensu na Kiristanci ne: tambarin Sigma Chi farin gicciye ne, Alpha Tau Omega a fili take faɗin cewa a kan aƙidar Kirista aka kafa ta. Ba za su karanta maka littafin bikin ba, amma kana da damar tambayar shugaban reshe da dattijon da ke ba su shawara: akwai durƙuso ko sujada ga wani abu? Da me ake rantsuwa? Akwai addu'ar da za a sa ni in maimaita? Ka tambayi kicin ɗinsu batun naman alade, ka tambaya ko taro na faɗowa lokacin Juma'a, da yadda za su yi da kai a azumi. Amsar da aka yi ta kwana-kwana a kai, ita ma amsa ce. Sannan duk abin da ka gano ka mayar wa mahaifinka, kada ka sa hannu sai da yardarsa.

Yaya Sadauki

Abin da kake nema, abokai da hanyar aiki, yana samuwa ta ƙofofi masu sauƙi. Ga mai injiniyanci NSBE ta baƙaƙen ɗaliban injiniyanci ta fi kowane gida amfani, kamfanoni na zuwa taronta na shekara su yi intabiyu a wurin. Akwai MSA ta ɗalibai Musulmi, akwai ta ɗaliban Afirka. In haruffan Girka kake so, Theta Tau ta injiniyoyi ce, maza da mata, hankalinta ya fi karkata ga sana'a, amma ita ma ka duba sunanta a rahoton. Akwai Alpha Lambda Mu ta Musulmi, da aka kafa a jami'ar Texas ta Dallas a 2013, sai dai rassanta kaɗan ne.

Ƙungiyoyin baƙaƙen fata irin su Alpha Phi Alpha, da aka kafa a Cornell a 1906, da Omega Psi Phi ba sa cikin wannan makon. Majalisarsu daban, NPHC, kuma yawanci sai ka kammala zango ɗaya ko fiye da maki a hannu. Zumuncinsu bayan kammala karatu yana da ƙarfi ƙwarai. A hukumance sun soke zaman gwaji tun 1990, amma na ɓoye bai mutu ba, kuma nasu ya fi karkata ga duka. Kada launin fata ya sa ka saki jiki.

Maganar aiki kuma, tsohon mamba zai iya miƙa takardunka, amma ba zai sa kamfanin da ba ya ɗaukar baƙi ya nema maka biza ba.

Sabon Ɗalibi

Allah Ya saka da alheri. Na duba shafin jami'a. Gida ɗaya yana nan, an taɓa yi masa gargaɗi. Ɗayan kuma sunansa babu kwata-kwata a jerin ƙungiyoyin da jami'a ta amince da su. Na tambaye su, suka ce su masu zaman kansu ne, shi ya sa kuɗinsu ya fi sauƙi, kuma suna son amsa kafin Juma'a.

Baban Khalil

Wannan na biyun ka goge lambarsu. Reshen da ba ya cikin jeri, galibi ko dai jami'a ta kore shi ko ya fice don guje wa hukunci. Ba mai duba jadawalinsu, in uwar ƙungiya ma ta janye lasisinsu to babu inshora, kuma wasu jami'o'i suna hukunta ɗalibin da ya shiga korarriyar ƙungiya. Rubuta sunan reshen da na jami'arku a Google ka karanta jaridar ɗalibai, za ka ga labarin. Na farkon kuma ka je ofishin da ke kula da ƙungiyoyin ka tambayi ko gargaɗin na giya ne ko na azabtarwa, da ko wa'adinsa ya ƙare. Daga nan ka biya ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ka sa jami'in da ke sa hannu a I-20 ɗinka ya faɗa maka abin da dakatarwa ke yi wa bizarka. Ka rubuta wa gidan cewa ka gode, za ka sake dubawa a Janairu bayan sakamakon zangon farko ya fito.