Hoton MRI zai iya faɗin watannin da suka rage wa majinyaci?

Kawu: Salamu alaikum. An turo min bidiyo, wai yanzu kwamfuta tana duba hoton MRI ta faɗi irin ƙarin da ke ƙwaƙwalwar mutum, har da watannin da suka rage masa, ba sai an buɗe kai ba. Ni dai abin bai kwanta min ba.

Injiniya: Kawu, da ƙamshin gaskiya. Tun 2012 ake gasar BraTS, ana koya wa kwamfuta shata iyakar ƙari a hoto. A 2017 aka ƙara hasashen rayuwa: ƙasa da wata 10, tsakanin 10 da 15, ko sama da 15.

Dakta: Yaya, rukuni uku ka lissafa, ba rana ba. Kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta 2021, hoto ba ya yanke hukunci kan glioma, wato wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa. Sai an ɗebo tsoka an gwada ko ƙwayar halittar IDH ta sauya. Ƙari biyu sai su yi kama a allo, ɗaya ya bar mutum shekaru, ɗaya ko shekara ba zai kai ba.

Injiniya: Ashe ba ke kika ce akwai wata alama a hoton MRI, T2-FLAIR, da ke tona sauyin IDH ɗin ba?

Dakta: In ta bayyana, ba ta cika ƙarya ba. Sau da yawa ba ta bayyana. Na taɓa ganin hoton wani saurayi, bayan allurar rini zobe ya fito fari tas, kowa ya ce ciwon daji ne, uwarsa har ta fara kuka a baranda. Ashe ƙwayar tarin fuka ce ta dunƙule a ƙwaƙwalwa. Magani ya narkar da ita.

Gwaggo: Ku yara, ajali na Allah ne.

Dakta: Haka ne, Gwaggo. Ko wata 14.6 da binciken likita Stupp na 2005 ya samu ga masu glioblastoma, mafi tsananin glioma, da aka yi wa gashin radiotherapy aka kuma ba su maganin temozolomide, tsakiyar layi ce kawai: rabinsu sun wuce ta.

Injiniya: Matsalar ƙarancin hotuna ce. Yawanci na Amurka da Turai ne, sai 2023 BraTS ta buɗe sashen Afirka da hotunan Najeriya. Su yi yawa ki gani.

Dakta: Su yi yawa tukuna, Yaya.

Kawu: To in kwamfutar ta ce wata 10, wa zai faɗa wa mai ciwon?

Dakta: Ni ce, Kawu. Ana nema na a ɗakin tiyata, sai anjima.