Wuni Guda a Santambul

Ɗan Kurmi:
Sallama gare ku, 'yan zaure,
Daga Santambul nake gaisuwa.
Na yi asuba a Sultan Ahmad,
Hasumiya shida, abin burgewa.
Na ratsa fili sai Ayasofiya,
Wuya kan gaji wajen dubawa.
Tun 537 take nan tsaye,
Coci ce a farkon ginawa.
A 1453 Sultan Fatihu ya ci birni,
Ladan ya shiga yana kirawa.
Can baya ta zam gidan tarihi,
A 2020 salla ta yi dawowa.

Hajiya Uwani:
Ƙanena, bar lissafin shekaru,
Mu dai ba mu labarin kasuwa.
Mai rufin nan da ake ta zance,
Shaguna dubbai, ƙofofi da yawa.
Ka tayo mini mayafin kuwa,
Ko kallon gini ka yi har rufewa?

Ɗan Kurmi:
Ranki ya daɗe, Hajiya, na shiga,
Lungunta ya fi na Kurmi ruɗarwa.
Mai darduma ya ce in zauna,
Yaro ya taho yana rusunawa.
Ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu,
Shayi ja wur, tururi na fitowa.
Ya warware ɗaya, ya warware goma,
Ya kifa ta, ƙullin yake nunawa.
Na taya rabi, ya dafe ƙirji,
Wai so nake ya yi faɗuwa.
Na saɓa jaka na nufi ƙofa,
Sai ga shi a baya yana sallamawa.

Baba Na Kwari:
Yaro, ka biya kuɗin shayinka,
Can 'yan buɗe ido ke zuwa.
Mu 'yan sari Laleli muke sauka,
Dila-dila muke ɗaurewa.
Tasha guda ce a jirgin titi,
Je ka ga inda ake ragewa.

Malam Na Zazzau:
Ku dai hankalinku na kan haja,
Ba mai zancen ziyara, kowa.
Ɗan Kurmi, ka je ga Abu Ayyuba,
Da ke kwance a bayan ganuwa?
Shi ne ya sauki Manzo a gidansa,
Ran da Madina ta cika da sowa.
Fadar Tofkafi na da takubba,
Na Sahabbai, ana adanawa.

Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, sai gobe,
In sha Allahu da ni za a buɗewa.
Yau kam la'asar ta same ni,
Ƙafa ta gaji, ga kuma yunwa.
Na gangara gaɓar Eminonu,
Hayaƙin kifi ke ta jawowa.
A tsaga burodi, a sa gasasshe,
Albasa, latas, lemo na matsawa.
A tsaye na ci, gadar Galata
Cike da masu ƙugiya na jefawa.
Na hau jirgin ruwa zuwa Uskudar,
Tsuntsayen teku na rakowa.
Daga Turai na sauka a Asiya,
Duk birni ɗaya, an raba da ruwa.
Baba, Laleli taku ce 'yan dila,
Ni darduma ɗaya ce abin ɗaukowa.

Baba Na Kwari:
To, kifin nan dai ka yi dabara,
Shi kaɗai ka saya ba cutarwa.

Hajiya Uwani:
Ka ci kifi, ka sha iskar teku,
Mu muna nan zafi na gasawa.
Alewar baƙalawa kilo biyu a akwati,
Kar ka taɓa ta kafin isowa.
Mayafin ne ban ji zancensa ba,
Ruwan toka, ban karɓar mantuwa.