Wane suna za mu ba kod ɗin da -fPIC ke fitarwa?

Assalamu alaikum, masana. Ina neman sunan Hausa na PIC (position-independent code), wato kod ɗin da GCC, manhajar da ke fassara kod zuwa harshen inji, ke fitarwa idan an ba shi -fPIC, wanda ake gina laburaren tarayya da shi, wato tarin kod da manhajoji da yawa ke amfani da shi tare, masu ƙarewa da .so a Linux. Na ga an rubuta "lambar da ba ta dogara da matsayi ba", amma bai kwanta mini ba. Lamba ƙidaya ce, matsayi kuma daraja. Shawarata ita ce "kod mai zama ko'ina".

*

Wa alaikumus salam. Malam, "gurbi" ya fi "matsayi", domin zancen adireshi ake yi cikin ma'adanar kwamfuta. Amma "mai zama ko'ina" bai raba gardama ba. Kod ɗin da ba PIC ba shi ma yana iya zama ko'ina, sai dai mai lodi, wato manhajar da ke ɗora kod cikin ma'adana, ya bi shi yana gyara adireshin da ke jikinsa. Duk shafin ma'adana da aka taɓa, mai girman KB 4, ya zama na manhaja ɗaya, tarayya ta ɓaci ke nan. Manhaja hamsin, kwafi hamsin. Shi ya sa tun daga Android 6.0 ake ƙin loda irin wannan laburare ga manhajojin da aka gina domin sigar. PIC kuwa ba a taɓa jikinsa. Abin da ke kusa, cikin laburarensa, yana auna shi daga inda yake tsaye. Na nesa, yana duba adireshinsa a teburin GOT (Global Offset Table), wanda shi ne mai lodi ke cikewa. Dole sunan ya nuna wannan.

*

To mu ce "kod ba-ruwansa-da-gurbi", a kan ginin 'yan ba-ruwanmu. Ɗayan kuma "kod mai jiran faci". GOT ya zama "teburin adireshi". PLT (Procedure Linkage Table), mashigar kiran ayyukan waje, kuwa ina ganin "zaure", tunda duk kiran da zai shiga wani laburare sai ya bi ta nan.

*

Na karɓi zaure, amma kada "ba-ruwansa" ya sa ɗalibai su ɗauka kyauta ne. A firosesan x86 mai bit 32 rijista, wato ƙananan ma'adanai na cikin firosesa, takwas kacal ake da su, kuma ba umarnin da ke karanta inda kod yake kai tsaye. Sai an kira wani ɗan aiki ya ɗauko adireshin, sannan a ɗaure rijistar ebx ta riƙe teburin. GCC 5, a 2015, ya sassauta wannan ɗaurin. A x86-64 rijista 16 ne, ana kuma aunawa daga RIP, rijistar da ke nuna inda kod yake, don haka wannan asarar ta kusa ɓacewa. Can ma ba zaɓi sosai: a manta -fPIC, mai haɗawa (linker) ya tsaya da kuskuren R_X86_64_32, saboda adireshi mai bit 64 ba zai shiga gurbin bit 32 ba.

Inda nauyin ya rage shi ne nan. Ƙa'idar ELF, tsarin fayilolin manhaja na Linux, ta yarda a maye gurbin aikin da laburare ya fitar da wani mai suna ɗaya, kamar ta LD_PRELOAD, wanda ke sa a fara loda wani laburare kafin saura. Saboda haka GCC ba ya yarda ya narkar da aikin cikin mai kiransa, wato ya kwafe shi a wurin kiran, ko da fayil ɗaya suke. Sai kiran ya fita ya zagayo ta zaure. Tsallen kansa ƙarami ne, ingantawar da aka rasa ce babba. Fedora 32 ta gina Python da -fno-semantic-interposition, saurinsa ya ƙaru har zuwa kashi 27 cikin ɗari a wasu gwaje-gwaje. Wanda ke rubuta nasa laburaren ya sa -fvisibility=hidden, ya buɗe ayyukan da na waje ke buƙata kawai.

*

Madalla, na janye tawa shawarar ta "kod mai zama ko'ina". Gyara ɗaya: sunan ya yi tsawo a baki, don haka a rubutu a kawo "kod ba-ruwansa-da-gurbi" a karon farko, daga nan a ci gaba da PIC, tunda shi za a buga a layin umarni. Mai rubuta darasi ya kuma bambanta -fpic da -fPIC: mai ƙananan baƙaƙe yana da iyakar girman teburin adireshi a wasu injuna, kamar KB 8 a SPARC, a x86 kuwa duk ɗaya ne.