Kwikwiyo ko babban kare? Ku ba ni shawara

Abban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na tare a Millennium City, Kaduna, sau biyu ke nan ana haura min katanga, na ƙarshen har injin jan ruwa suka kwance. Na yanke shawarar ajiye kare. Karyar maigadin layinmu ta haihu, ya ce in zo in zaɓi ɗaya, satinsu 5. Sai kuma wani abokin aikina da aka mayar Legas, yana da kare ɗan shekara 3, ya rasa mai karɓa, ya ce in har ranar tafiya ta zo sai dai ya sake shi a titi. Wanne zan ɗauka?

Sadiq Kawo: Wa alaikumus salam. Kwikwiyo mana, Yaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Walid: Sadiq, ka taɓa rainon kwikwiyo kuwa? Ni na yi, kuma har yau abin na raina. Bara muka sayi ɗaya a hannun wani mai talla a bakin titi, ya rantse an yi masa allura, amma babu kati. Satin farko ba mu runtsa ba, kuka yake har asuba. Takalman makarantar yara kuwa duk ya tauna su. Wannan duk mai sauƙi ne. Kwana goma sai ya daina cin abinci, ya koma bayan tankin ruwa ya kwanta. Sai amai, sai zawo da jini, da wani irin ƙarni da ban taɓa ji ba. Muka kai shi asibitin dabbobi aka ce fabo ce, wata cutar hanji mai kashe kwikwiyo. Kwana uku ana ƙara masa ruwa, kuɗin da muka kashe ya ninka kuɗin sayensa, ranar na huɗu ya mutu. Walid ne ke kai masa madara kullum da safe, yaron nan sai da ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Likitan ya ce ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, muka wanke tsakar gida da Hypo, kuma ya hana mu kawo wani ƙarami. Sannan Abban Ummi, kai da ɓarawo ya riga ya san hanyar gidanka, jiranka zai yi shekara guda kwikwiyo ya girma?

Sadiq Kawo: Allah sarki. Ban san haka abin yake ba, Anti.

Dakta: Sati 5 ya yi wuri ƙwarai, a bar shi da uwarsa ya kai sati 8. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16. Ta ciwon haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Ga maganin tsutsar ciki, ga na kaska. Babban kuma ka ce a ba ka katin allurarsa, ka kawo shi a duba kafin ya shiga gida. Kuma don Allah a daina zuba musu ragowar miya mai albasa da ƙashin kaza dafaffe.

Baba Audu: Babban kare ubangida ɗaya ya sani. Na karɓi wani daga Malali, dare uku ya tsinke sarƙa, can tsohon gidan aka same shi kwance a bakin ƙofa.

Dakta: Baba, ɗaure shi kuka yi daga zuwa. Sai mai shi ya riƙa kawo shi, sabon ubangidan ya riƙa ba shi abinci da hannunsa, ya zo da kwanonsa da abin shimfiɗarsa. Sati biyu zuwa uku sai ya saba.

Malam Tudun Wada: Duk ba ku taɓo babbar magana ba. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare.

Ustaz Bello: Allah gafarta Malam, ai hadisi ya ware karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangarsa ta faɗi, kare ya ajiye. Aka ce masa Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye.

Malam Tudun Wada: To ya tsaya can bakin ƙofa, ban da ɗaki, ban da kwanon mutane.

Hajiya Binta: Ni dai ko wanne za ka ɗauka ka killace shi. Na maƙwabcinmu a Kinkinau ya cinye min kaji huɗu, da na yi magana wai ai dabba ce.

Sadiq Kawo: Hajiya, kajin ma ai yawo suke har layinmu 😂

Hajiya Binta: Kaza ta taɓa cizon ɗan wani? Yaron da karen ya ciza a cinya sai da aka yi ta zarya asibiti ana masa allurai.

Dakta: Wannan ba abin wasa ba ne. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. In alamun ciwon haukan kare suka bayyana, kusan ba a tashi.

Abban Ummi: Na gode ƙwarai. Zuciyata ta fi karkata ga babban, don tausayinsa ma nake ji. Amma Ummi shekararta 2, ba ta jin tsoron komai, ko akuya ta gani sai ta ja mata wutsiya.

Maman Walid: Ka tambayi abokin aikin naka ko gidan akwai yara, ko karen ya taɓa cizon wani. Ka je da kanka lokacin da yake cin abinci ka ga yadda yake yi in an matso.

Baba Audu: Ni har yanzu ban yarda ba. Ka ƙara bulo uku a katangar nan tukuna.

Sadiq Kawo: Af, Baba, wa ya sa maka wayar kan katangarka? Turo min lambarsa ta gefe.