Patel: sunan gida ne ko sarauta?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum malamai. Sunan Patel ya yi yawa cikin 'yan kasuwar Indiya. Zuriya ɗaya ce, ko kuwa yaya abin yake?

Malam Sali, Marwa: Wa alaikumus salam. Asali muƙami ne, kamar jauro ko lawan a nan: mai gari da ke tara haraji. Mutanen kuma Patidar ake ce musu, manoman jihar Gujarat ta Indiya, musamman yankin Charotar na gundumomin Kheda da Anand. Da can Kanbi ne sunansu, wato manoma kawai. "Pati" kaso ne na gona, Patidar kuwa mai kaso.

Ga yadda tsarin yake a da, narwa suke ce masa. Hukuma ta yanka wa ƙauye haraji a dunƙule, gidajen da suka kafa garin su raba shi gwargwadon kason kowa. In wani ya gaza, 'yan'uwansa su cike, kamar dai lamunin juna da ƙungiyoyin manoman auduga ke yi kan bashin taki. Wanda ya ɗauki wannan nauyi shi ke da ƙasa, sauran 'yan aro ne. Sannu a hankali Kanbi marasa kaso ma suka ari sunan, har ƙidayar 1931 ta rubuta su Patidar.

Hajiya Asta, Ngaundare: Malam, a ƙara da batun aure, don nan ne kuɗin gonar ya riƙa zurarewa. A wurinsu iyayen amarya ke biya, kuma kowa na son ya kai 'yarsa gidan da ya fi nasa daraja, musamman wasu ƙauyuka shida na Charotar. Dukiyar aure ta yi ta hawa, ana jinginar da gona, har aka samu masu kashe jarirai mata. Turawa suka yi dokar hana hakan a 1870. Daga baya ƙauyuka masu daraja ɗaya suka haɗa kai, suka ce ba mai aurar da 'yarsa waje da su.

Alhaji Umaru, Njamena: Fitarsu waje kuwa, yunwar 1899 zuwa 1900 ta tura da yawa Afirka ta Gabas. Idi Amin ya kori Indiyawa daga Uganda a 1972, suka nufi Ingila da Amurka, a Amurkan kuma suka kama sana'ar ƙananan otel-otel. Vallabhbhai Patel, mataimakin firaministan Indiya na farko, nasu ne. Shi ya ja manoman yankin Bardoli na Gujarat suka ƙi biyan ƙarin haraji a 1928.