Ranin da fetur ya gagare mu: yadda muka haɗa kai a fadamun Kabi

Malamin gona, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Duk mai noman rani a jihar nan ya san abin da hakan ya jawo, don shinkafar rani ba ta jin uzuri, ruwa kawai take so. Na ga waɗanda suka ajiye gona, na kuma ga waɗanda suka haɗa kai da maƙwabta suka fito da dabara. Su nake so mu saurara. Wanda ya yi da hannunsa ya faɗa mana yadda aka fara, wa ya kawo shawarar, kuma ina aka samu cikas. Don Allah ban da "an ce".

Dattijo, fadamar Argungu:
Wa alaikumus salam Malam. Mu gonakinmu a jere suke, kowa da injinai, kowa da 'yar rijiya tai. Da abin ya yi tsanani munka zamna bayan isha'i ana ta kukan mai. Wani yaro da ke yi muna ƙwadago, wanda ko fangali ɗaya bai mallaka ba, shi ya ce: "Baba, mi za ya hana a ja hanyar ruwa guda ta gefen tudu, a tada inji biyu, sauran su huta?" Wasu sunka yi mai dariya. Da safe munka zagaya da shi munka ga ƙasar da kanta ta gangara yadda ya ce.

Gayya munka yi, ranar guda anka haƙa hanyar. Kowa na kawo mai daidai yawan fangalinai. Munka koma ban ruwa da dare zuwa asuba, don rana ba ta shanye rabin wahalarmu.

Rigimar da ta taso ita ce ta na ƙarshen layi. Kafin ruwa ya kai gare shi ya yi rauni, wata rana ma mai ya ƙare. Mutumin ya yi fushi, kuma yana da gaskiya. Sai anka yanke cewa in yau an fara daga sama, gobe daga ƙasa za a fara. Tun ranar ba a sake ɗaga murya ba.

Bakanike, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ta wajen inji zan shigo. Janareto nake mayarwa mai amfani da gas ɗin girki ga masu shaguna, sai wani manomi ya shigo da injin ban ruwa a bayan babur ya ce in gwada masa. Aikin kusan ɗaya ne: a canza kafireta a sa mai karɓar gas, a haɗa tiyo mai kauri da kan tukunya, a ɗaure da kilif sosai. Ya tashi lafiya a shago. Da aka kai gona ya yi aiki na ɗan lokaci, sai jikin tukunyar ya yi sanyi ƙarara har da farin raɓa, ƙarfin gas ya ragu, inji ya fara tari. Ina tsaye ina tunanin sake kwance kafireta, manomin ya jawo baho ya cika da ruwan da injin ke fitarwa ya zaunar da tukunyar a ciki. Nan take muryar injin ta daidaita. Ni na san ƙarfe, shi ya san gona, da ɗayanmu ne kaɗai da ba a kai ga haka ba.

Na koya wa yaran shago da wasu abokan sana'a daga ƙauyuka, ban ɓoye komai ba, don manoman sun fi ƙarfin hannuna. Abin da nake roƙo: kafin a tada inji a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Kada a gwada da ashana, kada a ɗumama tukunya da wuta. Gas ɗin ma ya yi tsada daga baya, shi ya sa wasu suke tara tukwanensu ɗan acaɓa ɗaya ya kawo gari a cika, a raba kuɗin hanya.

Mai gumi, Jega:
Ku maza kuna ta zancen fetur, mu itace ne ya kusa tayar mana da sana'a, don kuɗin mota ya hau kansa. Mu masu turara shinkafa a unguwarmu adashi muke yi tun da daɗewa, na biki da suna. Uwar adashinmu ta ce wannan zagayen kada kowa ta kwasa, a sayi babbar tukunya. Muka kai wa mai walda ya yanka faranti ya huda shi ƙanana-ƙanana, ya yi masa ƙafafu, ya zauna a cikin tukunyar. Ruwa na ƙasa, shinkafa na sama, tururi kaɗai ke dafa ta. Ruwan kaɗan ne, saboda haka wutar ma kaɗan ce, kuma ta ƙasa ba ta caɓewa. Idan ta bushe aka kai inji, ƙwayar na fitowa da haske, ba ta yawan karyewa. Sannan ɓuntun da ake zubarwa a bayan injin casa muka fara kwasowa muna haɗawa da itace.

Tukunyar tana kwana gidan wadda ke da layi, kuma a wanke za ta miƙa ta.

Matashi, Suru:
Ni namu bai yi daɗi ba, kuma ya kamata a ji irinsa. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, sai da ƙungiya ake shiga, to mun iya rubuta sunaye da zaɓen shugaba. Amma tamu ƙungiyar ba ta taɓa kama fartanya tare ba. Ambaliyar 2020 ta zo ta cinye gonaki, kowa ya kama gabansa. Da fetur ya tashi muka farfaɗo da ita don sayen famfon sola. Kuɗi suka taru a hannun mutum ɗaya, ba littafi, ba shaida. An sayo kayan, amma aka kasa yarda da gonar da za a kafa su da wanda zai yi gadi. Har yau faifan solar suna jingine a zaure, mutum biyu ba sa gaisawa.

Dattijo, fadamar Argungu:
Ɗana, ban ga kun makara ba. Ku fara da aikin da ba kuɗi cikinai, ko gyaran hanyar ruwa ne, ku ci tuwo wuri guda. Kuɗi kuma a ƙirga su gaban kowa, a rubuta, liman ko mai unguwa ya gani. Faifan nan a yi masu ƙafa ta ƙarfe da za a iya ɗauka, su bi layi kamar tukunyar Hajiya.

Manomin albasa, Aliero:
Namu gajere ne. A da kowa rudunsa na ajiyar albasa daban, a bayan gidansa. Yanzu mun jera su wuri ɗaya, gadi ɗaya, kuma tare muke juya albasar muna tsince wadda ta fara ruɓa. In za a kai kudu mota ɗaya muke cikawa, kowane buhu da alamar mai shi.

Malamar makaranta, Zuru:
Mu nan mun tashi mun ga golmo, samari suna noma a ƙungiya a gonar surukai, don haka haɗa hannu ba baƙo ba ne. Abin da ya tsaya mini shi ne yaron da Baba ya ambata. A yawancin zamanmu yaro ko mace ba sa samun bakin magana, alhali su ke tsaye kan aikin. Hajiya ta Jega, faranti nan ramukansa wane girma ne? Matan unguwarmu za su so su gwada.

Mai gumi, Jega:
Malama, ƙanana ne, yadda ƙwayar shinkafa ba za ta faɗa ba. Tsayin ƙafafun kamar tafin hannu. Ki shimfiɗa buhun algarara mai tsabta a kai kafin ki zuba, ki rufe saman da wani, kuma ki tabbata ruwan bai taɓa farantin ba. In bawon ya fara tsagewa, ta yi, a sauke a shanya.