Jirgin kashe gobara John J. Harvey: me ke riƙe da shi har yau?

Ɗan-Bakin-Kogi: Jama'a, salamu alaikum. Jirgin ruwan nan na kashe gobara a birnin Niyok, John J. Harvey, an ƙera shi tun 1931 amma har yanzu yana tafiya. Wa ke kula da shi, kuma me ya fi ba su wahala?

Malamin-Tarihi: Wa alaikumus salam. Hukumar kashe gobara ta birnin ta ajiye shi a 1994, aka yi gwanjonsa a 1999, masu sa kai suka saye shi. Tsawonsa ƙafa 130, yana feso galan 18,000 a minti ɗaya. Ranar harin 11 ga Satumba 2001 bututun ruwan unguwar da aka kai harin sun fashe, aka sake kiransa, ya yi awa 80 yana tura ruwan kogin Hudson.

Bakanike: Malam, ka bar babbar matsalar: tsatsa. Jikinsa ƙarfe ne, ruwan tashar jiragen kuma da gishiri. Sai an fitar da shi busasshen wuri, a kankare ƙasansa, a auna kaurin ƙarfen da na'ura, a yanke inda ya sirance a yi walda. Sannan fenti, sannan a ɗaura sababbin sandunan tutiya, waɗanda ruwa ke ci maimakon jikin jirgin. In suka ƙare ba a lura ba, ƙarfen ne zai biya.

Mai-Famfo: Ga hunturu kuma. Ruwan da ya kwana cikin famfo ya daskare, sai ya kumbura ya tsaga shi. Dole a tsiyaye kowane bututu kafin sanyi ya kankama.